Ƙafa Mai Hana Barci: A Yi Hankali Da Maganinta

Akwai wani ciwo wanda ba ya kwantar da mutum a asibiti, ba ya sa zazzaɓi, ba ya kumburi, ba ya barin tabo, amma ya kan hana mai shi barci shekara da shekaru. Mutum ya wuni lafiya lau wurin aikinsa. Da ya ci tuwon dare ya miƙe bisa gado, sai ya ji wani abu can cikin ƙafafunsa, galibi tsakanin gwiwa da idon sawu. Wani ya ce kamar kiyashi ke tafiya cikin ɓargo, wani ya ce kamar ana jan jijiya, wani kuwa ya rasa abin da zai kwatanta da shi. Abin da suka haɗu a kai duka shi ne, tilas a motsa ƙafar. In ya tashi ya zazzaga tsakar gida sai abin ya lafa, in ya koma ya kwanta sai ya dawo. Haka zai yi ta fama har wajen asuba, sa'an nan barci ya sace shi daidai lokacin da ya kamata ya tashi.

Mun ga ya kamata mu yi magana a kan wannan ciwo da magungunansa sabo da dalili biyu. Na farko, mai karatun nan namu, ko akawu ne ko malamin makaranta, da idonsa da natsuwarsa ya ke neman abinci. Wanda bai yi barci ba zai yi gyangyaɗi bisa littafin lissafi ko gaban yara, a ce da shi rago, alhali kuwa marar lafiya ne. Na biyu, ku ne waɗanda a kan kawo wa kwalin magani a unguwa a ce ku karanta ku faɗi yadda za a sha. Wanda jama'a suka mayar mai ba da shawara, ya kamata ya san inda rami ya ke.

Ciwon ba sabo ba ne. Wani likitan Ingila, Thomas Willis, ya bayyana shi cikin 1672. Cikin 1945 wani likitan ƙasar Suwidin, Karl-Axel Ekbom, ya bi shi filla-filla ya sa masa sunan da ma'anarsa ita ce ƙafafu marasa natsuwa, don haka har yanzu waɗansu na kiransa ciwon Willis da Ekbom. Binciken da aka yi a Turai da Amurka ya nuna kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na manya suna da shi, ko da ya ke waɗanda ya tsananta wa har su bukaci magani ba su wuce kashi 2 zuwa 3 ba. Ya fi kama mata, wajen ninki biyu na maza, ya kan kuma bi jini a gida ɗaya. Alamunsa huɗu ne: matsuwar son motsa ƙafa, tasowarta lokacin da a ke zaune ko kwance, lafawarta in an motsa, da tsanantarta da maraice ko da dare. Daban ya ke da murɗewar tsokar sha-raɓa mai tashin mutum da zafi farat ɗaya, daban kuma da zafin tafin ƙafa da masu ciwon sukari kan ji. Likita ne mai rarrabewa, domin maganin wannan ba ya yi wa wancan.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, a wannan ciwo maganin da ya fi saurin aiki shi ya fi bukatar a yi hattara da shi. Akwai matakai da ya kamata a bi ɗaya bayan ɗaya, wanda ya tsallake na farko ya faɗa na ƙarshe kuwa, ya kan yi da na sani.

Mataki na farko shi ne a duba ƙarfen jiki. Masana sun gano cewa ƙwaƙwalwar masu wannan ciwo ta kan kasance da ƙarancin sinadarin ƙarfe, ko da jininsu ya cika bisa awon da aka saba. Tun cikin 1953 wani likitan Suwidin, Nordlander, ya yi wa masu ciwon allurar ƙarfe ya ga sun sami sauƙi. Gwajin da a ke bukata shi ne na feritin, watau awon ƙarfen da jiki ya ajiye, ba awon yawan jini kaɗai ba. Ƙa'idar da likitocin barci ke bi yanzu ita ce, in feritin ya tsaya 75 ko ƙasa da haka, a ba da ƙarfe, na sha ko na allura. In yana tsakanin 75 da 100, sai na allurar jijiya, domin a wannan matsayi hanji ba ya ɗaukar na sha sosai. Ku lura, wannan adadi ya fi wanda a kan ɗauka a ce mutum lafiyarsa lau, sabo da haka mai ciwon zai iya karɓo takardar gwaji a ce masa ba kome, alhali ƙafarsa na bukatar ƙari.

Wannan mataki ya shafe mu ƙwarai, gama abubuwan da ke zubar da ƙarfen jiki suna nan tare da mu: tsutsar ciki mai shan jini, da tsargiya, da gyambon ciki, da yawan jinin al'ada, da haihuwa kusa da kusa. Mace mai ciki ma, wajen ɗaya cikin biyar ta kan ji wannan ciwo, musamman a watanni uku na ƙarshe, ya kan kuma tafi da kansa bayan an sauka. Ita ba ta da abin sha sai wanda aka rubuta mata a wurin awo. Haka kuma ciwon ya yawaita ga masu ciwon ƙoda waɗanda a ke yi wa wankin jini.

Amma kada wani ya karanta wannan ya ruga kanti ya sayo maganin ƙarin jini. Ƙarfe in ya yi yawa ba ya da hanyar fita, taruwa ya ke yi a hanta da zuciya ya ɓata su. Mai sikila wanda aka sha ƙara wa jini, wataƙila ƙarfen da ke jikinsa ya riga ya yi yawa. Zazzaɓi da kumburi su kan ɗaga awon feritin ya nuna akwai ajiya alhali babu, don haka ba a yin gwajin ana cikin rashin lafiya. Ƙwayar ƙarfe ta kan ƙulle ciki ta baƙanta bayan gida, kuma guba ce ga ƙaramin yaro in ya sami kwalbar ya haɗiye da yawa. Ba a haɗa ta da shayi ko madara, don suna hana ta shiga jiki, an fi so a sha da ruwan lemo. Sai an yi kamar wata uku kafin a sake gwaji a ga inda aka kwana. Ta allura kuwa, a asibiti kaɗai a ke yi, inda za a iya ceton mutum in jikinsa ya ƙi ta.

Mataki na biyu shi ne mutum ya zazzage jakar magungunansa gaban likita. Sau da yawa abin da ke tayar da ƙafar yana cikin abin da a ke sha don wani ciwo dabam. Magungunan mura da ƙaiƙayi masu sa barci, irin su Piriton da Phenergan, suna tsananta shi. Abin takaici, su ne mutum kan saya don ya sami barci, sai ya ƙara wa wuta itace. Haka maganin hana amai mai suna metokulofiramid, da yawancin magungunan ciwon damuwa, da na taɓin hankali. Waɗannan na baya ba a daina su sai da iznin likitan da ya rubuta su, amma a gaya masa, domin ya kan sami abin musanyawa. Ban da magani, akwai goro da shayi da gahawa, waɗanda duk sinadari ɗaya ne mai hana barci a cikinsu, ga taba da giya. Wanda ya bar goron la'asar da shayin dare, ya riƙa ɗan tattaki da rana, ya gasa ƙafa da ruwan ɗumi kafin ya kwanta, ya tsare lokacin barcinsa, in ciwonsa mai sauƙi ne sau da yawa ba ya bukatar kome bayan wannan.

To, sai mu zo ga magungunan da suka sa muka ɗauki alƙalami. Cikin 1982 wani likitan Turkiyya, Akpinar, ya ba da labarin cewa lebodofa, maganin ciwon karkarwa na Parkinson, yana kwantar da ƙafa marar natsuwa. Aikin wannan magani shi ne ƙara wani sinadarin ƙwaƙwalwa da a ke kira dofamin. Daga baya aka sami waɗansu masu kwaikwayon aikin dofamin ɗin. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da rofinirol, wanda a ke sayarwa da sunan Requip, cikin 2005. Da firamifezol, mai sunan Mirapex ko Sifrol, cikin 2006. Da rotigotin, wanda a ke mannawa a fata da sunan Neupro, cikin 2012. Ba mu musun cewa suna aiki. Mutumin da ya shekara goma bai yi barcin kirki ba ya kan sha ƙwaya ɗaya ƙarama ya kwana kamar jariri a daren farko. Shekaru da yawa su ne likitocin duniya ke farawa da su.

Aibinsu na farko ba ya bayyana sai an daɗe. Cikin 1996 waɗansu masana biyu na Jami'ar Johns Hopkins, Allen da Earley, suka lura cewa mafi yawan masu shan lebodofa kullum ciwonsu hauhawa ya ke yi. Ga yadda abin ya ke. Ciwon da ke zuwa bayan lisha sai ya fara zuwa da magariba, daga nan la'asar, har ya kai azahar. Wanda ke tsayawa a ƙafa sai ya hau hannu da gangar jiki. Mutum ya kasa zaman mota ko zaman taro. Mai ciwo ya ɗauka cutar ce ta yi ƙarfi, ya koma a ƙara masa ƙwaya. Ƙarin ya ba shi sauƙin 'yan watanni, sa'an nan abin ya dawo fiye da da, a sake ƙarawa. Alhali maganin ne da kansa ke hura ciwon. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Ga masu shan firamifezol da 'yan'uwansa, an ƙiyasta wajen mutum 7 ko 8 cikin 100 ke faɗawa wannan hali ko wace shekara. Adadin ƙarami ne ga ido, amma ku akawuna ku tara shi shekara goma ku gani.

Aibi na biyu shi ya fi ba mu tsoro, domin ba jiki kaɗai ya ke taɓawa ba, har da mutunci. Dofamin shi ne sinadarin da ke sa mutum jin daɗin samu da marmarin ƙari. Waɗansu daga cikin masu shan waɗannan magunguna su kan rasa linzamin zuciyarsu. Wanda bai taɓa caca ba ya dulmuya cikinta, wata ta yi ta sayayyar abin da ba ta bukata har bashi ya rufe ta, wani ya tashi tsakar dare yana ci ba ƙoshi, wani sha'awa ta rinjaye shi ya aikata abin da zai kunyata zuriyarsa. Mai abin ba ya danganta shi da ƙwayar ƙafa, kunya kuma ta hana shi faɗa wa likita. Ku dubi wannan da idon basira. A yau ba sai an je gidan caca ba, tana cikin wayar da ke aljihu. Mutumin da aka damƙa wa kuɗin albashin ma'aikata, ko kuɗin jarrabawar yara, ko adashin unguwa, in wannan ya same shi, aikin shekara ashirin da sunan gidansu za su tafi cikin wata guda, a kira shi ɓarawo, ba wanda zai tuna da kwalin magani. In aka janye maganin bisa ƙa'ida halin ya kan gushe, amma kuɗin da suka tafi da auren da ya mutu ba sa dawowa. Ban da wannan, su kan sa tashin zuciya da jiri, su kan kuma sa barci ya kwashe mutum ba shiri, abin da ke da haɗari ga mai tuƙi.

Sabo da waɗannan dalilai likitoci suka sake shawara. Cikin 2014 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi da mutum 719 har tsawon shekara guda. Hauhawar ciwo ta sami kashi 7.7 cikin 100 na masu shan babban awon firamifezol, amma kashi 2.1 kaɗai na masu shan wani magani dabam, firegabalin, wanda kuma bai gaza shi wajen kwantar da ƙafa ba. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka, wadda cikin 2012 ta sa magungunan dofamin a sahun gaba, ta fitar da sabuwar ƙa'ida cikin 2024 ta ce kada a mai da su maganin yau da kullum. Ta hana kabagolin ɗungum, don yana ɓata ƙofofin zuciya. A sahun gaba ta sa allurar ƙarfe ga wanda gwaji ya nuna yana bukata, da gabafentin, da firegabalin. Mu ba mu ga abin zargi ga wanda ya gane kuskure ya gyara ba. Abin da mu ke tsoro shi ne, labarin magani ya kan riga labarin aibinsa isowa, sai a ci gaba da aiki da tsohon littafi shekaru bayan masu littafin sun sake shi.

Kada kuma a ɗauka gabafentin da firegabalin, waɗanda a ke sayarwa da sunan Neurontin da Lyrica, ruwan sha ne. Ba sa haddasa hauhawa irin ta dofamin, suna kuma taimakon barci. Amma su kan sa jiri da magagi da tangaɗi, abin da kan kayar da tsoho ya karye. Su kan sa ƙiba da kumburin ƙafa, waɗansu kuma su kan ji baƙin ciki ya rufe su har da mugun tunani a kan ransu, wanda in ya faru sai a koma wurin likita a ranar. Ta ƙoda su ke fita, don haka mai ciwon ƙoda sai an rage masa. Cikin Disamba 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa suna iya danne numfashi ga tsofaffi, da masu ciwon huhu, da wanda ya haɗa su da magungunan dangin kodin ko masu sa barci. A wannan shekara kuma Ingila ta sa su cikin magungunan da doka ta tsare, don an mai da su kayan maye. Ana fara su da kaɗan, a ƙara sannu a hankali, ba a kuma yanke su rana ɗaya.

A can ƙarshen hanya akwai magungunan dangin ofiyam, irin su oksikodon da metadon. Ƙwararru su kan ba da ɗan kaɗan daga cikinsu ga wanda kome ya gagara, suna kuwa taimako. Amma mu nan ba ma bukatar a ba mu labarin wannan dangi. Mun ga abin da kodin da tiramadol suka yi wa samari da matan aure, har Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin cikin Mayu 2018. Wanda ya bar ƙwayar dofamin ya koma sayen tiramadol a bakin tasha, tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Tiramadol ma an same shi da haddasa hauhawar ciwon. Wannan ƙofa likita ƙwararre kaɗai ke da mabuɗinta.

Mun san abin da wani zai ce. Zai ce mai barci lafiya ne ke wa'azin haƙuri, wanda ya kwana yana zagaya ɗaki ba ya jiran wata uku ƙarfe ya taru. Zai ce gwajin feritin ba ko wane asibiti ke yi ba, allurar ƙarfe kuwa tsada gare ta. Duk gaskiya ne, mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba. Ba mu ce a bar kowa cikin wahala ba, rashin barci shi ma cuta ne mai karya jiki da zuciya. Ba mu kuma ce a jefar da magungunan dofamin ba. Ƙa'idar 2024 ma ta bar musu gurbi ga wanda ya san haɗarin ya zaɓi sauƙin yanzu, kamar mai shan ƙwaya jefi-jefi don doguwar tafiya, ko wanda sauran magunguna suka ƙi. Abin da mu ke cewa shi ne, zaɓi sai da sani. Wanda aka ba ƙwaya ba a gaya masa za ta iya ƙara masa ciwo ko ta ja shi caca ba, ba a ba shi zaɓi ba.

Wanda ya riga yana shan ɗaya daga cikinsu, kada ya karanta wannan ya watsar da ita yau. Yanke ta farat ɗaya ya kan jawo kwanaki na azaba, ƙafa ta haukace, barci ya ƙaurace, ga fargaba da ƙuncin rai. Sannu a ke ragewa, bayan an gyara ƙarfen jiki an kuma shigar da wani magani a madadinta. Ya tambayi kansa abu uku: ko ciwon ya fara zuwa da wuri fiye da da? Ko an ƙara masa awo tun da ya fara? Ko akwai wani sabon hali game da kuɗi, ko ci, ko sha'awa, wanda bai san kansa da shi ba? In amsar ɗaya ta zama i, sai ya nufi asibiti da kwalin a hannunsa.

Saura roƙonmu. Likitoci da malaman asibiti, muna roƙo kada a sallami mai wannan kuka da maganin barci ko na sanyin ƙashi. A saurare shi, a auna ƙarfensa, in kuwa za a rubuta maganin dofamin, a faɗi aibinsa gaban matarsa ko mijinta ko wani babba na gida, domin na kusa shi ke fara ganin canjin hali. Masu kantin magani, waɗannan ba na sayarwa ba ne sai da takardar likita, ribar kwali ɗaya ba ta kai alhakin gida guda ba. Hukumomin lafiya na jihohi, muna ganin ya kamata gwajin feritin ya samu a ko wane babban asibiti bisa kuɗin da talaka zai iya, gama amfaninsa bai tsaya ga ƙafa ba, mata masu ciki da yara sun fi kowa bukatarsa.

Ku kuma masu karatu, in abokin aiki ya yawaita gyangyaɗi, ku tambaye shi yadda ya ke kwana kafin ku kai ƙararsa. In aka kawo muku kwali aka ce wane ya sha ya ji daɗi, ku ce a fara zuwa a auna jini. In kuwa dattijon da kuka sani da kamun kai ya sake hali ba dalili, ku bincika abin da ya ke sha kafin ku yanke masa hukunci. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba mu barci mai amfani.